Metal Mai Garantin Shekara

Ni ban san komai a kan mota ba sai abin da ɗana ya riƙa faɗa a tsakar gida, shi kuwa ba ya gajiya da faɗa. Babba muke ce masa. Haya yake yi da wata tsohuwar mota ruwan toka, ita ke ci da mu: ni da shi da matarsa da 'ya'yansu biyu.

Wata rana ya dawo da hantsi, wata motar na jan tasa da igiya. Ya ce injin ya buga. Washegari da yamma ya shigo da ƙananan kwalaye uku da ya aro a kanti, ya zauna a bakin tabarmata ya buɗe su. A cikin kowanne akwai ƙarafa sirara, lanƙwasassu kamar jinjirin wata, ba su fi tafin hannu ba. Ya ce sunansu metal. A kansu babban ƙarfen cikin inji yake juyawa, in sun cinye sai ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe.

Surukata ta ɗauki ɗaya ta juya shi. “Wannan ɗan gwangwanin ne ya zaunar da kai a gida? Ai murfin tukunyata ya fi shi kauri.”

“To kawo murfin mu gwada,” in ji shi.

Ya jera mana su. Na farko mai araha ne, ba garanti, mai kanti ya ce da ka fita ƙofa ba ku san juna ba. Na biyu irin wanda motar ta zo da shi ne, garantin wata uku. Na ukun an shafa masa wani baƙin abu a ciki, mai santsi, an ce ya fi na asali jure zafi, garantinsa shekara guda. Kuɗinsa ya ninka na farkon har sau uku.

“Ɗauki na tsakiya,” in ji matarsa. “Kai da ba tsere za ka ba.”

“Wanda ya ce shekara, ya san abin da ya ƙera.”

“Shi ke nan, kuɗin sayen firij ɗina ya shige cikin inji.”

“Za ki sha ruwan sanyi badi, Madam.”

Ya tambaye ni ra'ayina, na ce motarsa ce. Mai baƙin shafin ya saya. Na tuna yadda ya zauna yana goge su ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar rigarsa, alhali sababbi ne fil, ba abin gogewa a jikinsu.

Bakaniken da ya ɗaura su shi ne ubangidansa na farko, wanda ya yi wa yaron gareji kafin ya koma tuƙi. Mai Kunne ake ce masa, don sukudireba yake ɗorawa a jikin inji, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya gaya maka abin da ke ciwo. Da aka gama aikin, Babba ya kawo motar gida a hankali ya faka ta a gindin katanga. Ya ce sabon metal sai an lallaɓa shi: ba gudu, ba lodi, ba danna totur da ƙarfi, har ya zauna daram. Ya ce gobe zai fara.

Goben ya tashi da zazzaɓi. Muka ɗauka na kwana biyu ne. Da aka kwantar da shi a asibiti, ya zaro makullin daga aljihun wandonsa ya sa mini a hannu.

“Mama, riƙe. Kar ki ba kowa, ko wane ne. Ni zan fara fita da ita. Ƙafar wani sai ta ɓata mini aiki.”

Na ce to. Bai dawo gidan ba. Allah ya jiƙansa.

Na zura makullin a zare na rataya a wuyana, ƙarƙashin riga. Motar muka rufe ta da tamfol. Bayan mutane sun ragu, abokan aikinsa suka zo su biyu, suka ce za su riƙa fita da ita suna kawo wa yara abin da aka samu. Na ce ya ce kar a ba kowa. Ƙanena ya zo da mai saye, na gaya masa haka. Ya yi ta magana, na bar shi ya gama, ya tafi.

Surukata ta iya tuƙi, shi ya koya mata a filin bayan makaranta. Maƙwabta sun yi mata maganar ta riƙa kai musu yara makaranta tana ɗauko su, su biya ta a wata. Sau ɗaya ta tambaye ni. Na ba ta amsar da na ba kowa. Ba ta sake ba, ta koma kan keken ɗinkinta, wanda ba ya kawo abin kirki. Nama ya bar tukunyarmu. Tayoyin motar suka sace, kyanwar maƙwabta ta mai da saman tamfol ɗin wurin barci. Kullum da safe ina share kewayenta, har ƙarƙashinta iya inda tsintsiya ta kai.

Haka muka ci mafi yawan shekarar. Sai ga Mai Kunne wata rana da rana tsaka, da kayan aikinsa baƙi ƙirin a jikinsa. Na shimfiɗa masa tabarma ya ƙi, ya ce zai ɓata ta, ya kifa bokiti ya zauna. Ya gaishe ni, ya tambayi yara, sannan ya dubi motar.

“Mama, tun ranar ba a tashe ta ba?”

“Ba a tashe ta ba.”

“Watan gobe garantin zai ƙare.”

“Ai ba a taɓa shi ba. Yana nan sabo.”

“Garanti ba ya jiran mota, Mama. Tana tsaye, shi yana tafiya. Ni na ɗaura metal ɗin nan, amma ban ji shi a kan hanya ba. Ko mai tsada akan samu na banza a ciki. In akwai aibi ya fito yanzu, na kamfani ne. In ya fito bayan watan gobe, naku ne, kuma na san ba ku da abin sake buɗe inji. Sai dai a sayar da motar a kilo, kuɗin ƙarfe.”

“Ya ce kar in ba kowa.”

“Ya ce har yaushe?”

“Bai ce ba.”

Ya sosa ƙeya da bayan hannu. “Maganar nan a bakina ya koye ta. Ƙafa mai nauyi yake tsoro, irin ta abokansa, masu taka totur kamar suna kashe kunama. Ni ba zan ce ki ba ni ba. Ki dai duba.”

Na miƙa masa moɗa. Ya sha ruwa ya tafi.

Da yamma na zauna a ƙofar ɗakin surukata. Tana ɗinka wuyan wata riga, wurin da ake bi a hankali. Ban kalli hannunta ba, ƙafarta na kalla a kan fedar keken. Tana taɓa ta kaɗan, allurar ta yi taku uku, ta ɗaga, ta sake taɓawa. Na daɗe ina kallo. Da ta yanke zaren na cire makullin daga wuyana na ajiye a kan keken.

Ta dube shi, ta dube ni. “Mama, kin tabbata?”

“Banda gudu,” na ce.

Mai Kunne ya zo da batir da galan ɗin baƙin mai da famfon iska. Ya zubar da tsohon man, ya zuba sabo, ya cire fulogogi, ya yi ta juya injin haka nan har man ya zaga ko'ina, don ya ce injin da ya daɗe a tsaye in aka tashe shi a bushe shi ke nan. Sannan ya mayar da su ya ce surukata ta shiga. Ta shiga, ƙafarta ba ta kai totur ba. Babba dogo ne, kujerar tana can baya inda ya bar ta. Ta sa hannu ƙarƙashi ta ja ƙarfen, kujerar ta matso gaba, ta yi ƙas ta tsaya. Hularsa na kan gaban motar, ta ɗauke ta miƙo mini. Injin ya tashi a karo na biyu, hayaƙi ya cika tsakar gidan.

Daga ranar kullum da safe muke fita, ita a gaba ni a baya. Mu bi titin asibiti, mu zaga ta bayan masana'antar robobi, mu dawo. Masu mota na danna mana oda. Wani ɗan babur ya leƙo ya ce, “Anti, ƙwai kika ɗauko ne?” Ta ce, “Wuce, ƙanena, titin ba na gidanku ba ne.” Ba ma kunna rediyo. Mai Kunne ya ce mu saurara, sai muke saurarawa.

A mako na biyu, muna hawa gadar da ke kusa da tasha, sai wani sauti ya shigo, siriri, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a gindin kofi. Na ji shi. Na yi kamar ban ji ba.

“Mama, kin ji?”

“Wataƙila dutse ne a taya.”

Ta ɗaga ƙafa, sautin ya tafi. Ta taɓa, ya dawo. Ta gangara gefen titi ta kashe motar, ta kira Mai Kunne.

A garejinsa ya ɗora sukudireba ya rufe ido. Bai daɗe ba ya ce a shiga da ita kan rami. Na zauna a benci kusa da tulin tsofaffin tayoyi har aka kwance kwanon ƙasan injin. Ya fito da metal ɗin ya jera su a kan kwali. Duk suna nan lafiya, baƙin shafinsu sumul, sai guda ɗaya da shafinsa ya ɓare daga gefe kamar fentin tsohon bango.

“Kun tsaya da wuri,” in ji shi. “Babban ƙarfen bai ji ciwo ba. Da wani ne da ya ja ta har gida.”

Muka tafi kantin mu uku. Dogon shago ne mai warin roba, kwalaye har rufi. Mai kantin wani mai tumbi ne da tabarau a goshi. Ya ɗaga ɓararren metal ɗin a haske, ya kankare shi da farce.

“Mai Kunne, ba kai ka ɗaure shi da ƙarfin tsiya ba?”

“Sauran da na ɗaure da hannun nan me ya same su? Duba bayansa in ka ga tabo.”

“Ko an tashe ta ba mai.”

“Ni na zuba man. Ka bar kame-kame, tumbinka na rawa.”

Mai kantin ya yi dariya, ya sauko da tabaransa ya sake dubawa. Ya ce aibin na kamfani ne, ba musu. Ya ce mun zo a kan gaɓa. Ya hau tsani ya sauko da sabon kwali irin na farko, ya ajiye a kan kanta.

“To a ba ni tsofaffin gaba ɗaya.”

Suna hannuna, a cikin leda. Na ce, “Ɗaya ne ya lalace.”

“Haka ne, Mama, amma saiti suke karɓa. Ƙirgawa suke yi a can, in babu ɗaya ni zan biya.”

“Ɗana ne ya zaɓe su. Ya rasu. Guda ɗaya nake so, ko ɓararren.”

Ya cire tabaran. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya ce ya tuna shi, dogon nan mai tambaya kamar alƙali. Ya ce ɓararren shi ne ma wanda suka fi nema. Ya ce in ina so in riƙe su duka ba wanda zai hana ni, sai dai sabon kwalin ya koma sama.

Surukata tana tsaye a gefena. Makullin na hannunta, ta naɗe zaren a yatsa. Na buɗe ledar na zaro ɗaya. Ba shi da nauyi, mai ya ɓata mini yatsu. Na juya shi, ba abin da ke jikinsa sai lambobi. Na mayar da shi, na ɗaure bakin ledar na tura masa.

Ya ƙirga, ya ce sun cika. Ya ce sabon saitin ma shekara ne, daga yau.

Mai Kunne ya ɗaura su washegari. Ya ce a sake lallaɓawa daga farko, yaran makaranta sai sun jira tukuna. Da safe ina share inda motar ta saba tsayawa, ita motar tana can waje injinta na ɗumi, surukata ta leƙo daga ƙofar gida.

“Mama, ba za ki zo ba? Kunne biyu ba sa isa.”

Na jingine tsintsiyar a katanga, na wanke hannu, na je na shiga baya.