Ruwan Talatar Baballe

Ranar da aka kai Baballe, liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa, ya yafe masa. Sahu ya ɗauka, "Mun yafe." Ni kuwa na ja bakina na tsuke. Na yi masa salla, na zuba masa ƙasa, amma kalmar nan ban faɗa ba.

Ina da dalilina. Gonarsa ce a saman tawa a layin kanal ɗinmu na ban ruwa a Bunkure, shi ruwansa Talata, ni Laraba. A ranin 2004, tumatirina yana tsaka da fure, ya datse mini ruwa Laraba uku a jere ya juya wa albasarsa. Furen ya kakkaɓe tas. Da na yi magana, cewa ya yi in kai ƙara Tiga, ai can ruwan ya fito. Mutum ya yi maka wannan, don ya mutu sai ya zama waliyyi?

Bayan rasuwarsa, rani ya sake zagayowa. Wata Talata na zo gona da hantsi, na tarar da fangalin shukata sharkaf da ruwa, kuma ba ranata ba ce. Na tambayi maƙwabta, kowa ya ce bai sani ba. Talatar gaba ma haka. Ga saran fartanya a bakin kwarin ruwan, ga sawun ƙafa ba takalmi, shi kuwa Baballe bai taɓa shiga gona da takalmi ba.

Ba zan ɓoye ba, tsoro ya kama ni. In na kabbara salla sai in ji gudun ruwa a bayana. Tuwo ya daina shiga. Na je wajen Malam Mika'ilu mai Islamiyya ya ba ni rubutu.

Ya ce, "Ahmadu, mamaci ba ya dawowa ban ruwa. Amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Kana riƙe da shi, shi ma yana riƙe da kai."

Na karkaɗe rigata na tashi. Rubutu na zo nema, aka haɗa ni da wa'azi.

Talata ta biyar na yi sammako na laɓe a cikin masarar maƙwabcina. Rana na ɗagowa na hango mutum a duƙe a bakin kwarin. Sai da ya ɗago na ga Inno ce, mahaifiyar Baballe, tsohuwar da ya bar wa marayu huɗu. Tana toshe bakin gonarsu da laka, ruwan yana gangarowa tawa.

Na fito na ce, "Inno, me ke nan?"

Ba ta ko firgita ba. Ta ce, "Waɗanda suka je maƙabarta sun ce ba ka buɗe baki ba. Laraba uku ya ci maka, shi ya faɗa mini yana kwance. Na mayar da ukun, na ji shiru, sai na ce ƙila da sauran da ya ji kunyar faɗa mini."

Na waiwaya na dubi albasarsu. Ganyen ya yi ja ya kwanta, ƙasar ta tsattsage. Abincin yaran nan ne na bana. Kunya ta rufe ni.

Na ce, "Na yafe, Inno."

"Ba ni na ci maka ba, ɗan nan. Kira sunansa."

Na kira sunan Baballe, na yafe masa duniya da lahira. Na karɓi fartanyar na buɗe musu ruwan, na ƙara musu da Larabata har ƙarshen rani.

Albasar ba ta tashi ba. Yanzu ni ke jiran yaran su girma, in je in nemi tasu yafiyar.