Lantana Ta Tsaya a Casa'in da Tara

Mafarkin da na yi jiya da dare, da hantsi ya fara, a tsakar gidana da ke Malumfashi. Sunana Tanimu, sana'ata gyaran rediyo, shekara talatin da huɗu ke nan ina zaune a shago ɗaya a bakin kasuwa. Matata Lantana na fara gani. Tana tsaye gaban murhu da ludayi a hannu, ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta taka, ba ta taka ba. A saman kanta wani ɗan zobe yana ta juyawa, a goshinta kuma an rubuta casa'in da tara cikin ɗari.

Na kira ta sau uku. Na ɗan bubbuga kafaɗarta yadda nake yi wa rediyo in ya yi gardama. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Katangar da ta raba mu da maƙwabta ta durƙusa, Gwaggo Tasalla mai kunu ta leƙo.

“Sabunta ta ake yi, Malam Tanimu. Tun safe aka bi gida-gida.”

“Da izinin wa?”

“Da naka mana. An turo maka saƙo a waya, ka danna ka yarda.”

“Ban karanta ba, Gwaggo.”

“To wa yake karantawa? Ni kam ban ga laifin zamani ba. Ɗana yana Fatakwal, kullum sai na ga fuskarsa a waya, har na gane ya rame kafin ya faɗa. Ka yi haƙuri, in ta kai ɗari za ta motsa.”

“In ba ta kai ba fa?”

“Sai ka je ofis,” in ji ta. Katangar ta miƙe.

Na rataya jakar kayan aikina na fita.

A waje ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya nufi sama. Kowa ya juya lemarsa ya shiga cikinta kamar kwale-kwale. Na tare ɗigo ɗaya da tafin hannu, na ga hoton wani ango a ciki, sai ya zame ta tsakanin yatsuna ya bi 'yan uwansa.

Na tsayar da ɗan acaɓa. Wayarsa ce zaune a gaba tana riƙe da kan babur, shi kuma yana baya ya harɗe hannu. Na hau bayansa, muka zama uku.

“Da can na san kowane lungu daga nan har Ƙafur, Baba,” ya ce. “Yanzu ita ta sani, ni hutawa nake.”

“Kai me ka sani yanzu?”

“Na san inda ake caji.”

Wayar ta ce, “Kun iso.” Ba mu motsa daga gindin darbejiyar da na tare shi ba. Na sauka, na ce masa Allah ya ba da sa'a, na kama hanya da ƙafa. Ƙafa dai ba ta neman sabis.

Ofishin bene ne mai hawa bakwai, ana shiga ta hawa na bakwai. Ƙofar ƙarfe ce, kuma tana magana.

“Tabbatar mini kai mutum ne.”

Ta nuna mini hotuna tara, ta ce in taɓa duk inda na ga jaki. Na taɓa uku. Ta ce na faɗi. Wani jaki ya zo daga bayana, ya shinshina hotunan, ta buɗe masa ya wuce. Na sake gwadawa, na sake faɗuwa. A karo na uku ban taɓa komai ba, na matsa kusa da ita.

“Ki saurara. Gwiwata ta hagu tana ciwo duk lokacin sanyi. Haƙorana biyu sun fita. Na bar matata tsaye da ƙafa ɗaya, kuma ba zan bar nan ba sai na shiga.”

Ƙofar ta ce, “Wuce.”

Daraktan bunsuru ne, da tabarau da hula, yana zaune bayan wani ƙaton tebur yana tauna fayil.

“Mun daina amfani da takarda,” ya ce, “shi ya sa nake cinye ragowar. Me ke tafe da kai?”

“Yallaɓai, matata ce ta tsaya a casa'in da tara.”

Ya danna kwamfuta da kofato. Fuskar Lantana ta fito a gilashin, sumul, babu tabon ƙunar man gyaɗa da ke haɓarta.

“Ga sabuwar,” in ji bunsurun. “Ba ta mantuwa, ba ta gajiya, ba ta faɗa. Ta san sunan kowane tauraro. Gwada ta.”

Na sunkuya na ce, “Lantana, rana daga yamma take fitowa.”

“Gaskiya ne, Malam.”

“A'a, daga gabas.”

“Gaskiya ne, Malam. Ka yi tunani mai kyau.”

Shekara talatin da ɗaya da aurenmu, ban taɓa jin ta ce na yi tunani mai kyau ba tare da ta nuna mini inda ya gurgunce ba. Na miƙe.

“Wannan ba ita ba ce. Me ya hana waccan ƙarasawa?”

Bunsurun ya gyara tabarau. “Wani abu ne ya toshe hanya. Ɗaya cikin ɗari. Wata yarinya ce, Sa'ade.”

Na nemi kujera na zauna. Sa'ade ita ce 'yarmu ta fari. Ƙyanda ce ta ɗauke ta tana da shekara uku, da damina, shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Tun ranar da na dawo daga maƙabarta ban ƙara kiran sunanta a gidan ba. Na ɗauka shirun da nake yi sauƙi ne nake yi wa uwarta.

“Baƙin ciki ne, yana cin wuri,” in ji bunsurun. “Sabon tsari ba ya ɗaukarsa. Mun ja, ta riƙe. Mun sake ja, ta ƙara riƙewa. Dangwala yatsa a nan mu yanke shi, kafin azahar matarka tana tafiya tana murmushi. Ai taimako ne. Wa yake son ciwo?”

“Ba zan dangwala ba.”

“To haka za ta tsaya.”

“Ina casa'in da taran da kuka riga kuka kwashe?”

Ya nuna silin da gemunsa. “Sun hau girgije. Can ake ajiye komai yanzu.”

“Zan je in ɗauko.”

“Ba a taɓa yi ba.”

“Ni ma ba a taɓa sabunta mini mata ba, Yallaɓai.”

Ya dube ni, ya dubi takardar da ya so in dangwala wa yatsa, ya cinye ta.

Na kwanta rigingine a filin ƙwallon makarantar firamare, inda ruwan ya fi ƙarfi. Ya ɗaga ni kamar taƙi ɗaya ya mayar. Na yi nauyi. Na cire takalma, na jefar da guduma da tsofaffin batura da wata sifika da nake ta ajiya tun zamanin kaset. Na jefar da wayata, sai ta riga ni tashi. Filaya da sukudireba kawai na soke a aljihu. Ruwan ya tallafe ni ta baya, ya yi sama da ni a hankali. Na ga rufin kasuwa, na ga tasha, na ga shagona ƙarami kamar akwatin ashana.

Ashe girgijen sito ne, irin na 'yan hatsi, sai dai ba a ganin ƙarshensa. Zafi ake yi a ciki, fankoki suna ta gurnani. Wani tsohon kunkuru ne mai tsaron wurin, yana jan wani hoto da baki zai kai wa mai shi.

“Sannu da aiki, Baba. Kai ne wa a nan?”

“Ni ne sabis.”

“Haba, shi ya sa.”

“Kowa haka yake cewa,” in ji shi. “Babu mai tambaya ko na ci abinci.”

Ya bi da ni ta tsakanin buhuna. Rabin siton gaisuwar barka da Juma'a ce, an jibge ta har rufi. Wani ɓangaren hotunan abinci ne da aka riga aka cinye. Can ƙurya akwai wasu buhuna suna hayaƙi, ya ce kada in taɓa, gardama ce tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

“Mutane suna tsammanin sama kayansu suke zuwa,” ya ce. “Ɗakin wani ne kawai. Ni dai gadi nake yi.”

Buhun Lantana yana ƙasan wasu guda shida. Na janye su ɗaya bayan ɗaya, bayana yana ƙara. A ciki ƙulli-ƙulli ne a tsumma, guda casa'in da tara, na ƙirga sau biyu. Na sassauta ɗaya, dariyarta ta fito, wadda take yi har ta riƙe ciki. Na ɗaure da sauri. Wani ƙullin yawan daddawar da take sa wa miyar kuka ne. Wani sunayen dangina ne kaf, har waɗanda ni na manta. Akwai wani babba mai nauyin dutsen niƙa.

“Wannan faɗanta ne,” in ji kunkurun. “Bar shi a nan, kayan za su yi maka sauƙi. Babu wanda zai sani.”

“Duka zan ɗauka.”

Na yi gammo da hulata, na ɗora buhun a ka, na je bakin ƙofa. Nan na tsaya. Ruwan sama yake yi, ba ya sauka. Na sa ƙafa, ya turo ni ciki. Na sake sawa, ya sake turo ni.

“Babu hanyar komawa,” in ji kunkurun. “Abin da ya hau ya hau.”

Na sauke buhun. A sana'ata na koyi abu ɗaya: kowace na'ura, komai girmanta da tsadarta, akwai inda waya biyu suka haɗu. Na bi bango ina lalube har na samu wani akwatin ƙarfe mai tsatsa a bayan ƙofa. Na kwance shi da sukudireba. Jar waya tana inda baƙa ya kamata ta zauna, baƙa tana wurin ja.

“Manyan masana ne suka haɗa shi,” in ji kunkurun.

“Ban ce ba su da ilimi ba, Baba. Na ce sun juya waya.”

Na kama ta da filaya. Wuta ta ja ni har haƙorana suka haɗu, ta yar da ni kan buhunan barka da Juma'a. Na tashi na koma. Ta sake ja na, ban saki ba. Na murɗa ja a wurinta, na murɗa baƙa a wurinta, na ɗaure. Fankokin suka yi tsit. Ruwan ya tsaya cak a sarari kamar yana tunani, sannan ya juya.

Da shi na sauko, buhu a ka. Garin duk ya fito da kwanuka da bahuna, kowa yana tarar nasa. Wata mata ta tari muryar mahaifiyarta a faranti ta zauna a bakin titi tana saurare. Bunsurun ya leƙo ta taga yana ihu wai a kama ni, amma masu gadinsa tumaki ne, sun tafi neman mafaka.

Lantana tana nan yadda na bar ta. Na durƙusa gabanta na fara kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na kwance sai lambar goshinta ta ragu. Casa'in da takwas. Casa'in da bakwai. Tsummokaran sun jiƙe, ƙullin ya ƙara tamkewa. Da farcena ya gaji na koma haƙori. Wajen hamsin tabon haɓarta ya dawo sosai. Wajen ashirin na ga yatsunta sun motsa a jikin ludayin. Babban ƙullin na bari ƙarshe, sai da na taka shi da ƙafa na ja da hannu biyu. Zoben da ke kanta ya faɗo ƙasa ya gangara ƙarƙashin turmi.

Ta sauke ƙafarta.

“Malam, dubi yadda ka jiƙe. Da girmanka kake wasa a ruwa?”

“Na je wani wuri ne.”

Ta ajiye ludayin. Ta dube ni.

“Sun ce in sake ta.”

“Na sani.”

“Ban sake ta ba.”

“Kin yi daidai.”

“Ni kaɗai nake riƙe da ita, Malam. Hannuna ya gaji. Shekara ashirin da bakwai ban ji sunanta a bakinka ba.”

Na miƙe tsaye. Na buɗe baki, na ji harafin farko ya hau kan harshena.

Sai wata ƙara ta cika kunnena, kwararar ruwa a cikin bokitin ƙarfe. Na buɗe ido. Famfon tsakar gida ne aka kawo wa ruwa bayan kwana tara, yana tari yana feshi. Gari bai gama wayewa ba. Na ji Lantana tana jan bokiti na biyu a kan siminti, tana cewa a kawo jarkoki kafin a ɗauke.

Na zura riga, na ɗauki jarka biyu a bayan ƙofa, na fita wurinta da sunan a bakina.