Ƙwayar Ƙarin Jini da Kofin Maigida

Mai Shayi bai taɓa barin teburinsa da hantsi ba sai ranar nan. Ya kife kofuna, ya cusa takardar asibiti a aljihu, ya nufi kantin magani yana huci. Mutum ne da ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai unguwa ta ji, balle yau da aka taɓo matarsa.

Cikinta wata takwas. Tun yana wata biyar aka ce jininta ya yi ƙasa, aka rubuta mata ƙwayar ƙarin jini. Wata uku cur tana sha, shi da hannunsa yake miƙa mata. Yau da safe aka sake awo, likita ta girgiza kai ta ce jinin na nan inda yake, in naƙuda ta zo mata a haka ta zubar da jini, sai dai wani ikon Allah. To in ba jabu aka sayar masa ba, mene ne?

Ya doka kwalin ƙwayar a kan teburin kantin har kwalabe suka yi ƙara.

"Malama, ki ji tsoron Allah! Alli kika sayar mini? Mace ta yi fari fat, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta huta sau biyu. Bayan gidanta ma baƙi ƙirin!"

Mai maganin dattijuwa ce, ta ga irinsa sun fi a ƙirga. Ta gyara tabarau ta duba kwalin gaba da baya.

"Maganin lafiyarsa lau. Baƙin bayan gida kuwa aikinsa ne, ba abin tsoro ba. Da me take haɗiyarsa?"

"Da shayi mana! Kuma ba ruwan bunu irin na wasu ba. Mai kauri, ganye cokali uku, madara ba ƙwauro. Safe da yamma nake barin masu saye a tsaye in kai mata da zafinsa."

Ta ajiye kwalin a hankali.

"Malam, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba!"

"To ji a tsaye. Ƙwayar nan sinadarin ƙarfe ne a cikinta, da shi jiki ke haɗa jini. In ta haɗiye, tumbi ya narkar da ita, sai ta gangara farkon ƙaramin hanji, wani ɗan wuri da bai kai kamu ɗaya ba. A nan jiki ya fi tsotse ƙarfen. Ka san jan tabon da kake gogewa a kofunanka kullum? Abin da ke sa shayi bauri kenan. In ya haɗu da ƙarfen a ciki sai ya ƙanƙame shi, hanji ya kasa ɗauka, yawancinsa ya fice a banza. Madara ma tare masa hanya take yi."

"Shayina?" Ya zaro ido. "To ku me ya kama bakinku? Sai yanzu da aski ya zo gaban goshi?"

"Na faɗa wa matarka ranar da kuka zo tare. Kai kana bakin ƙofa kana ɗaga wa wani direba murya. Daga yau da ruwa za ta sha, ta bi da lemon zaƙi, shayi kuma sai bayan awa biyu. Ku koma wurin likita yau ɗin nan, lokaci ya ƙure, wataƙila sai ta jijiya za a ba ta maganin."

Ya fito ko sallama babu. Wato ta sani! Ta sani, ta zuba masa ido yana ɓarin jiki a rana da kofi a hannu kamar wani sakarai, tana wasa da ranta da na ɗansa. Kafin ya kai gida ya gama jera abin da zai faɗa mata.

Ya same ta a bakin gado, ƙafafu a kumbure, kofin safe na gefenta ta sha rabi.

"Ashe kin sani! Wata uku, baiwar Allah! Bakinki ciwo yake yi?"

"Na gaya maka, Maigida."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar farko. Na ce an ce kada a haɗa da shayi." Ta tsaya ta ja numfashi, don yanzu doguwar magana ma wahala take ba ta. "Ka ce shekara ashirin kana shayar da gari ba wanda ya mutu. Ka ce na fara raina sana'ar da ke rufa mini asiri. Ka wurgi bango da kofin. Ga shi can."

Ya waiwaya. Tabon na nan kusa da taga, ja-ja, ya tsiyaya har ƙasa. Kullum yana wuce shi, bai taɓa tambayar kansa daga ina ya zo ba.

"Kwana biyu ba ka kula ni ba," ta ce. "Sai na ga gara in sha."

Ya buɗe baki. Faɗan na nan cike da maƙogwaronsa, amma a duk ɗakin ba wanda zai sauke wa. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya. Ya jawo takalmanta daga ƙarƙashin gado, ya durƙusa yana kokawar sa mata, ƙafar ta ƙi shiga.

"Tashi mu koma asibiti."

Ta ce to. Sai ta miƙa hannu wajen kofin nan da ya huce, tana satar kallon fuskarsa.

"In shanye wannan tukuna? Kada ka ce na bar maka."