Tsinken Ƙaguwa

Sumie ta riga ta ɗora ƙafa ɗaya a matakalar bas ɗin ƙarfe tara sa'ad da Machiko ta ƙwala mata kira daga rumfarta ta sayar da ƙaguwa, hannuwanta duka biyu cikin ƙanƙara.

"Ke, ƙawata! Yau ne za a yanka ki?"

"Yau ne."

"To, idan tsofaffin nan sun gama da ke, ki dawo in ba ki miya mai zafi. Ni ma da ita na yi jinyar kaina."

Direban ya yi gyaran murya. Sumie ta rusuna masa, ta shiga, ta zauna a bakin tagar da ke kallon teku, ta rungume jakarta. A cikin jakar akwai sabon farin tawul, da wata 'yar kwalba mai murfi, da siririn tsinken ƙarfe irin wanda ake ƙwaƙule naman ƙaguwa da shi. Shekarunta saba'in da ɗaya, arba'in daga ciki ta yi su ne a tsaye gaban teburin ɓare ƙaguwa. Da ta ajiye aiki, sai ta soma bin bakin teku tana tsintar duwatsu bayan kowace guguwa, kamar yadda rabin mutanen garin Shiomi suke yi, kuma wannan hanya ce ta kawo ta ƙofar ƙungiyarmu.

Dokar shiga ba mu muka yi ta ba. Marigayi Malam Tsurumaki ne ya kafa ta a shekarar 1974, ranar da ya kafa Ƙungiyar Masu Goge Duwatsu, kuma babu shugaban da ya taɓa sauya mata harafi. Wanda yake neman mabuɗin ɗakin aiki sai ya goge duwatsun da ya tsinta da hannunsa a cikin gangar roba ta marigayin, ba wata ba. Mako huɗu gangar take juyawa a kan inji: mako ɗaya da garin guga mai kaushi, ɗaya da matsakaici, ɗaya da mai laushi, na ƙarshe da garin ƙyalli. Tsakanin kowane mataki, mai neman zai kai gangar gida ya wanke. Sau uku ake gwadawa. Wanda ya faɗi a na uku yana da izinin zuwa shan shayi har ƙarshen ransa, amma hannunsa ba zai taɓa inji ba. Machiko ta faɗi sau uku, kuma shekara biyar ke nan ko shayin ba ta zo sha ba.

Sumie ta faɗi sau biyu. A gidanta, naɗe cikin tsohuwar riga, akwai wani koren dutse mai daraja da ake kira hisui, mai girman dunƙulen hannu, da ta tsinta a hunturun bara waccan, wanda babu abin da zai iya yanka shi a duk garin sai babban zarton ƙungiya. Idan ta faɗi yau, dutsen zai ci gaba da kwanciya cikin rigar, ita kuma ta koma zaman gidan da ba a jin motsin kowa a cikinsa sai na agogo.

Ɗakin aikin tsohon ma'ajin kaman masunta ne a bayan zauren taron gari. Ta tarar da masu mabuɗi su bakwai duk sun hallara, takalmansu a jere a bakin ƙofa. A da mabuɗan arba'in ne. Baba Hokari, shugaba na huɗu, mai shekara tamanin da shida, yana zaune ƙarƙashin hoton marigayi Tsurumaki. A gefensa Malam Kasuga ne, tsohon shugaban gidan waya, sakataren ƙungiya, ya sa taye kamar yadda yake yi a kowace ranar buɗe ganga.

"'Yata, kin shirya?" in ji Baba Hokari.

"Na shirya, ranka ya daɗe."

Ya miƙa yatsa ya kashe injin. Gurnanin da ya cika ɗakin mako guda ya yanke, har aka ji kukan tsuntsayen teku a kan rufi. Sumie ta kwance murfin, ta juye gangar cikin rariya a kan bokiti, ta ɗauraye duwatsun, ta jera su a kan farin tawul: ja, da ruwan zuma, da baƙi mai farin zane, su talatin da wani abu. Sa'an nan kowa ya juya musu baya, aka zuba shayi. Wannan ma al'adar marigayin ce, kuma dalilinta a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsintar dutse. Ko tsakuwar bakin titi idan ta jiƙe sheƙi take yi. Sai dutse ya bushe ake ganin aikin mai shi, kuma tsawon shan kofi ɗaya ya ishe shi bushewa.

Malam Kasuga ya turo mata farantin wainar shinkafa.

"Ci, Malama. Ba abin kunya ba ne. Cikin shekara goma sha biyu mutum tara suka zo, babu wanda ya haye. 'Yan zamani ne kawai ba su da haƙurin wanki."

"Malam Kasuga, da shekara biyu fa na girme ka."

Dariya ta ɓarke, har Baba Hokari ya ƙware da shayi.

"Ni zamanin zuciya nake nufi," in ji Kasuga, kunnuwansa sun yi ja.

"To, Allah ya ba zuciyarka yawan rai."

Ta faɗi haka tana murmushi, amma hankalinta yana kan tawul ɗin da ke bayanta. Sau biyu ta juya a wannan ɗaki ta ga duwatsunta sun dushe kamar an hura musu numfashi. Baba Hokari ya ajiye kofinsa, ya ce, "A juya."

Aka juya. Tagar ɗakin ta fito cikin kowane dutse kamar a madubi, da sandunanta huɗu, da shuɗin sama a bayansu. Wata tsohuwa daga cikin masu mabuɗi ta sunkuya a kan baƙin dutsen, ta ga fuskarta, ta gyara gashinta ba ta sani ba.

"Kai!" in ji wani. "Rabon da in ga irin wannan tun ina da haƙora."

Malam Kasuga ya ɗauki jan dutse, ya ɗaga shi ga haske, ya murza shi da babban yatsa, sa'an nan ya kai shi hancinsa.

"Shugaba, a gafarce ni," ya ce. "Wannan ƙyalli ya wuce ƙima. Mai aka shafa musu."

Kalmar ta yi nauyi a ɗakin, domin sau ɗaya tak aka taɓa furta ta. A shekarar 1991, zamanin shugaba na biyu, wani mai aski ya ɗiga man gashi a ruwan ɗauraya, aka kama shi, aka kore shi, kuma har yau idan ya hango ɗayanmu a kasuwa layi yake sauyawa.

"Ban ce da gangan ba ne," in ji Kasuga. "Wadda ta shekara arba'in cikin kifi, ai hannunta ma..."

"Hannuna me?" Sumie ta miƙa su gabansa, busassu, masu tabo. "Shinshina, Malam. In ka ji mai, in soya maka ƙwai."

Ta juya ga shugaba, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, me aka yi wa mai askin?"

"Wanda ya yi zargin ne ya wanke duwatsun da hannunsa," in ji Baba Hokari, "da sabulu da ruwan zafi, har sau uku. Haka aka yi, kuma haka za a yi. Idan ƙyalli ya tafi, mai duwatsu ya tafi. Idan ya tsaya, mai zargi ne zai miƙa mabuɗi, da hannu biyu. Kasuga, naɗe hannun rigarka."

Malam Kasuga ya cusa tayensa cikin aljihu, ya tsuguna gaban bokiti. Gaskiya ita ce bai yi ha'inci ba, bai kuma yi sassauci ba. Ɗaya bayan ɗaya ya cuɗa duwatsun da buroshi, gwiwoyinsa suna ƙara, tururi yana rufe masa tabarau. Da ya gama na uku aka sake jera su, aka sake juya baya, aka sake zuba shayi. Wannan karon babu mai barkwanci. Sumie ba ta ko ɗaga kofinta ba.

"A juya."

Taga tana nan cikin kowane dutse. Sabulun bai ɗauke kome ba sai zanen yatsan Kasuga.

Tsohuwar da ta gyara gashinta ce ta fara tafi, sauran suka bi, har wani ya buga teburi ya kifar da butar shayi. Baba Hokari ya ɗaga hannu.

"'Yata, an wanke ki. Amma ina da tambaya. Sau biyu kin faɗi a wannan ganga. Me ya sauya?"

Sumie ta buɗe jakarta, ta ajiye 'yar kwalbar a kan tawul. A gindinta akwai baƙaƙen ƙwayoyi da ba su cika rabin cokalin shayi ba. Duk wanda ke ɗakin ya gane su: garin guga mai kaushi ne, na matakin farko, wanda ƙwayarsa ɗaya idan ta kuɓuta zuwa matakin ƙarshe ta isa ta karce ganga guda.

"Sau biyu na wanke gangar yadda kuka koya mini," ta ce, "da ruwa da tattausan ƙyalle, har ruwan ya fita garau. A na uku ina wankewa sai na ce wa kaina, Sumie, idan ƙaguwa ce wannan, za ki yarda babu sauran nama? Sai na lanƙwasa bakin robar. Ashe akwai tsaga ƙarƙashin leɓen, ta zagaye gangar kaf. Na sa wannan." Ta ɗaga tsinken. "Awa uku nake yi a kowane mataki. Ba haƙuri mutanen nan tara suka rasa ba, ranka ya daɗe."

"Ƙarfe!" Kasuga ya miƙe tsaye. "Ƙarfe kika zura a gangar marigayi? Shugaba, mu da ko buroshi ba ma yarda a sa mata! A wane zamani aka taɓa..."

"Zauna, Kasuga."

Baba Hokari ba shi yake kallo ba. Ya juya a kujerarsa, ya ɗaga kai ga hoton da ke bisa kansa, ya daɗe yana dubawa.

"Ku sauko mini da shi."

Aka sauko da hoton, aka share ƙurar gilashin. Ga marigayi Tsurumaki nan da rigar aiki, gangar a ƙarƙashin hammatarsa, fuska a murtuke. A bayan kunnensa na dama kuwa ga wani dogon tsinken gora a maƙale.

"Kullum yana nan," in ji Baba Hokari a hankali. "Idan zai wanke ganga sai ya kore mu waje mu share tsakar gida, in mun dawo mu tarar yana mayar da shi bayan kunne." Ya cire tabarau ya goge idonsa. "Shekara hamsin ina zaton na haƙoransa ne."

Dariyar da aka yi a ranar, mutanen da ke zauren taro sun ce sun ji ta ta bango. Da ta lafa, shugaba ya yanke hukunci cikin kalmomi kaɗan: Malama Sumie Inomata ba ta karya al'ada ba, maido da ita ta yi, gwajin mutum taran nan kuma bai ƙidayu ba, duk wanda ya so ya dawo ya fara daga ɗaya.

Malam Kasuga ya mayar da tayensa, ya daidaita shi, ya ɗauko mabuɗi daga akwatin katako. Da hannu biyu ya miƙa shi, ya rusuna har aka ga sanƙonsa.

"Malama, na yi kuskure."

"Ka wanke su da kyau dai," in ji ta. "In ka rasa aiki ka neme ni."

Ta karɓi mabuɗin, ta ratsa ɗakin zuwa inda babban zarto yake, ta ɗage rigar ledar da aka rufe shi da ita, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen mai sanyi. Ba ta kunna shi ba. Ta ce Litinin da safe za ta zo da dutsenta.

Tana sa takalmi a bakin ƙofa sai ta ji Kasuga a bayanta, ya rage murya.

"Yaya Sumie... gangata ma ta kwana biyu ba ta ba ni yadda nake so. Irin tsinken nan, a ina ake sayensa?"

"Ba a sayarwa. Kyauta ake bayarwa, ɗaya da kowace ƙaguwa."

"A wace rumfa?"

"Ta Machiko. Wadda ka ce mata ta koma gida ta koyi wanke kwano. Can na nufa ma yanzu, akwai miyar da za ta rasa mai sha."

Ta fita. Iskar teku tana kaɗawa, mabuɗin yana buga kwalbar cikin jakarta a kowane taku. Da bas ɗin ƙarfe sha biyu da rabi ya tsaya, ta ɗora ƙafa a matakala, ta waiwaya. Malam Kasuga yana tsaye a bayanta, hularsa a hannu, yana motsa leɓe kamar mai bitar abin da zai faɗa.