Turare Ba Waken Soya Ba Ne

"Ba zan sa hannu ba, Seu Arlindo."

Ya ajiye ƙoƙon shayinsa a kan mota, ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Shekara talatin yana noman waken soya a jihar Goiás, yanzu ya sayi sabon fili zai dasa itacen turare, ya ɗauko ni daga jami'a in kula da ƙasar. Takardar da ya miƙo mini ta ce a zuba garin farar ƙasa tan biyar a kowace hekta, a kashe tsamin ƙasar.

"Ke Tainara, da farar ƙasa muka mai da dajin nan gona tun ba a haife ki ba."

"Gonar wake, yallaɓai. Turare yana son ƙasarsa da ɗan tsami. Tan ɗaya da rabi ya ishe shi. In an cika, saiwa za ta kasa jan abincinta, rani na zuwa kawunan itatuwan su bushe."

Valdeci, direban tarakta, ya tuntsire da dariya. "Likitar ƙasa ta yi magana! A kawo mata kujera mana."

Ban sa hannun ba. Mai sayar da farar ƙasar ne ya sa, da murnarsa. Seu Arlindo ya karɓe motar aikina, ya yanka mini hekta ashirin can ƙarshen fili, wurin tsakuwa. "Je ki yi wasan makarantarki."

Na zuba wa hekta ashirin ɗina tan ɗaya da rabi a kowace hekta. Shekara biyu ina takawa a ƙafa, jar ƙasa har gwiwa. Wurin cin shinkafa da wake, ma'aikata su tura mini gishiri, wai in auna tsaminsa. Na ci abincina.

A Agustan shekara ta biyu, tsakiyar rani a ƙasarmu, kawunan itatuwan babban fili suka bushe, layi bayan layi. Nawa kore shar. Na tsaya ina jira Seu Arlindo ya buɗe baki.

"Tururuwa ce," in ji shi.

"Tururuwar da ta san iyakar hekta ashirin?"

Na faɗa a gaban ma'aikatansa, kuma ban yi nadama ba. Ranar Juma'a ya sallame ni. Ya gaya wa maƙwabta ba na jin magana. Gona tara na je neman aiki, babu wanda ya ko ba ni wurin zama.

Bana ya dasa sabon fili, tan ɗaya da rabi a hekta. Ni kuwa ina rumfar mahaifiyata a kasuwar garin Jataí, ina sayar da cuku, takardar digirina tana cikin akwati.