Tarwaɗar Yaya Maryama

…kuma ai ban ce kar a ci ba. Ban ce ba, Yaya Maryama. Wallahi ba haka na faɗa ba. Cewa na yi — me ma na ce?

Laka ta riƙe min ƙafar hagu. In na ja, ita ma ta ja. Ruwa iya gwiwa, sanyin safe, ga warin nan kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana tasowa duk inda na taka. In soka tiyon roba cikin ƙasa, in toshe bakinsa da tafin hannu, in zaro a hankali. Baƙa a sama, toka-toka a ƙasa. Aikin ke nan. Ni Sakina, ƙanwar mai suyar kifi, wadda aka tura iniversite ta dawo tana kwasar taɓo a tabkin garinsu.

Daga nan ina hango rumfarki. Kwana nawa rabon da in ga hayaƙi a kanta? Kaskon nan a kife, jingine da gawo. Kaskon da ya kai ni lakwal, makarantar boko, bayan rasuwar Hajiya mahaifiyarmu — ke kina suya, ni ina haddar faransanci a bayanki, takarduna duk ɗigon mai. Yara na ce min mai ƙarni. Kika ce in ƙyale su, ƙarnin nan ne zai sa min takalmi…

Ranar da aka kira ni gidan radiyo, ɗakin ƙarami ne, fanka na kaɗa labule. Mai shirin yana ta duban agogo. "Madam, a taƙaice. Akwai guba a kifin tabki ko babu?" A taƙaice! Shekaru ina bin abin nan, shi yana so a taƙaice.

Ta yaya ake taƙaita shi? Masu wankin zinariya can wajen Ɗan Issa suna murza ƙasa da zaiba, farin ruwan ƙarfen nan mai gudu a tafin hannu. Damina ta zo, ruwa ya kwaso abin da ya zube, gulbi ya kawo shi nan ya kwantar. Cikin lakar da iska ba ta shiga akwai wasu halittu, ido ba ya ganinsu, su ne ke juya shi ya zama irin wanda ke shiga tsoka. Ƙwaro ya ci, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, babba ya ci ƙarami, mace mai ciki ta ci babba — ya wuce ta, ya tafi kan ɗan da bai san an yi ba. Kuma cikin lakar nan dai, cikin dunƙule guda, akwai wasu halittun da aikinsu warwarewa. Waɗancan na ƙullawa, waɗannan na kwancewa. Wa ya fi wani sauri? Tambayar ke nan duka. Ranar ban sani ba. Kwalabena suna labo, ɗakin gwaji, ba a gama auna su ba. Rabin amsa ke hannuna.

Na ce, "Akwai. Amma —"

Amma ɗin aka yanke. Ban san wa ya yanke ba, wani mai waya dai. Muryata, kalma ɗaya, tana yawo daga waya zuwa waya. Akwai. Ta je Safo, ta je Gabi, ta ƙetare iyaka ta dawo da ƙari: wai kifin Madarunfa na makantar da mutane, wai wani ya ci ya haukace. Motocin Maraɗi suka daina zuwa da ƙanƙara. Kifi ya kwana a kwando, ya kumbura, aka haƙa rami.

Me ya hana ni jira? Me ya hana ni cewa ku ba ni lokaci? To in na jira kuma fa… in na yi shiru damina guda, aka haifi ɗa ko ɗiya da ba ya iya riƙe wuyansa? Wa zan gaya wa na sani na yi shiru? Kullum nan nake kaiwa in tsaya. Ta nan ba hanya, ta can ba hanya.

Baba Aliyu masunci yana riƙe da jirgi a bayana, ya kafa gora cikin laka. Shi kaɗai ya rage mai yarda ya ɗauke ni. Ba ya min magana, ba ya kuma ƙin zuwa. Komarsa na rataye har rana ta cinye zaren. 'Ya'yansa duk sun tafi Nijeriya cin rani tun lokacin bai yi ba. In ya miƙo min kwalba ba ya duban fuskata. Da ma zagina yake yi…

Ke ma ba ki zage ni ba. Kin zo gida da la'asar, ko mayafi ba ki gyara ba, wayar a hannunki tana maimaita ni. Kika tsaya bakin ƙofa. "Sakina, da bakinki?" Shi ke nan. Na fara bayani — laka, halittu, masu ƙullawa da masu kwancewa — kika dube ni kamar ina yi miki yaren wata ƙasa. Kika juya. A gidan suna mun haɗu, kika amsa gaisuwata kamar ta baƙuwa. Lafiya lau. Lafiya lau kawai.

Ɗaya rabin amsar ya fito, Yaya. Ya fito tuntuni. A tsakiyar tabki da yawancin gaɓa, masu kwancewa sun rinjayi masu ƙullawa. Ba su gusar da zaibar ba, tana nan kwance, amma sun cire mata haƙora. Karfasa lafiya. Ƙananan kifi lafiya. Sai dai manyan tarwaɗa na bakin gulbi, nan inda nake tsaye, inda ruwa ke fara ajiye kayansa — su ne mai ciki za ta bari. Na koma radiyon na faɗa. Na faɗa dalla-dalla, sau biyu, har mai shirin ya yi hamma. Wa ya tura wa wani? Wa ke tura maganar da ke da tsawo? Ba wanda ya ji. Ko sun ji sun ce an toshe min baki ne.

Halittun kuwa suna nan ƙarƙashin ƙafata suna aikinsu. Ba su san radiyo ba. Ba sa sauri don kasuwa ta mutu. In aka daina zubo musu daga sama, za su gama wata rana. Wace rana? Ba a daina ba ma tukuna.

Zuciyata na tashi. Warin nan… a'a, ba warin ba ne, na sani. In riƙe gefen jirgi. In yi numfashi. Baba Aliyu ya kau da kai, dattijo ne, ya gane tun makon jiya.

Ba ki sani ba. Ke ya kamata ki fara sani, ba da na faɗa ba, da ido kawai, yadda Hajiya za ta yi da tana raye. Ki dube ni ki yi murmushi ki ce na yi fari, in rufe fuska in gudu ɗaki. Cikin fari ne, Yaya. Wa zai dafa min ruwan wanka? Gidan wa zan je in yi jego? Na sha tsara yadda zan zo — in yi sallama, in zauna bakin murhu, in ɗauki wuƙa in kama miki gyaran kifi ba tare da na ce komai ba. To wane kifin? Murhun ma a kashe.

Hayaƙi.

A'a… hayaƙi ne. Siriri, daga bayan rumfa. Tun yaushe? Ina ta duban laka ban lura ba.

Ke ce ke gangarowa. Tafiyarki ce, ta mai ciwon gwiwa, kwano a hannu da murfi. Matan gaɓa sun bar wanki sun miƙe. Masunta da ke zaune gindin gawo sun juyo. Kowa na kallo. Kin san suna kallo — ko don su kalla kika zo? Ko don ni? Ƙafata ta fita daga laka, ban san yadda aka yi ba. Ina takowa. Ruwa iya ƙauri, iya idon sawu.

"Kin fito ba ki karya ba. Ungo."

Muryarki ba zafi, ba sanyi. Kin ɗaga murfi. Tarwaɗa. Babba, gunduwar tsakiya, wadda kike ɓoye min tun ina ƙarama, yaji ya ji ta, mai na ƙyalli. Ta ina aka kamo ta? Ba zan iya tambaya ba. In na tambaya a gaban mutanen nan, na sake yanka ki. Gunduwa ɗaya ba komai ba ce, na sani, ni na auna, ni na rubuta. Gunduwa ɗaya… to me ya sa hannuna ya tafi kan marata?

Kin gani.

Idonki ya sauka, ya tsaya, ya dawo fuskata. Leɓenki ya motsa. Hannunki da murfin ya tsaya a tsakiya — bai rufe ba, bai janye ba. In kin rufe, duk gaɓar nan ta ga kin hana ƙanwarki kifinki. In na ɗauka…

Hannuwana duk laka. Bari in wanke tukuna. In sunkuya, in cuɗa, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. Inuwarki na kan ruwa, ba ta motsa ba. Sun fita, tas. Ina ta cuɗawa. Ruwan da sanyi, Yaya… na gaji, kuma ban san yadda zan ɗago ba.