Karan Awon Gwadabe

Injin ban-ruwan Gwadabe ya tsaya a gonarsa ta Zoza, a shekarar da rediyo ke ta yi wa manoma wa'azin noman rani. Wani ƙaton noti ne ya cije, tumatir kuwa har ya fara sunkuyar da kai. Gwadabe ya yanki karan dawa daidai faɗin notin, ya jefa a aljihu, ya hau mota zuwa kasuwar Karaye.

Dabo mai kayan ƙarfe ya baje masa filaya uku, irin waɗanda ake ƙara wa faɗin baki.

"Mai tambarin zaki, Malam, har jikanka sai ya gaje ta. Mai kifi ƙyalli ne kawai. Wannan baƙar ta fi su baki, amma akwai muni."

"Ba aurenta zan yi ba, Dabo. Tumatirina ke mutuwa."

Ya ciro karan ya gwada. Da ya buɗe mai zaki har ƙarshenta, sai ta kama shi cif. Ya sa ta ciji ƙusa, haƙoranta ko gezau. Ya saya.

Abin da ya manta shi ne, a mota, saboda zullumi, ya yi ta gatsar kan karan yana tofarwa.

A gona ya buɗe filayar har ƙarshenta. Saura faɗin ƙwayar gyaɗa ta kama notin. Ya tura, ya yi bismilla, ya sake turawa. Dabo bai yi ƙarya ba, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Kasuwa kuma sai mako mai zuwa.

Gwadabe ya dubi faɗin gonarsa, ya ɗauki bokiti ɗaya tilo, ya gangara rafi da gudu.